Daga Katagum Zuwa Azare: Yadda Ƙasa Ta Yi Arziki Da Baƙi

Jama'a, mu da muke zaune nesa da gida, sau da yawa akan kira mu baƙi. To, bari mu waiwayi ƙasar Katagum mu ga abin da baƙi suka yi mata.

Malam Zaki, Allah Ya jiƙansa, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu, shi ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19. Ƙasar da ya samu ba ta ƙabila ɗaya ba ce. Akwai Shirawa da Teshenawa, ga Barebari da Mangawa da Badawa da Karekare, ga Fulani da shanunsu, ga Hausawa fatake. Kowa da abin da ya iya. Garin kuma yana kan hanyar Kano zuwa Barno, shi ya sa lokacin da Bature Clapperton ya iso a 1824 ya tarar da birni mai ganuwa da masallaci, ana ciniki da wuri. Abokin tafiyarsa, Dakta Oudney, a Murmur ya rasu cikin wannan shekara.

Amma fa cuɗanyar nan ba kyauta ta zo ba. Hausa ta haɗa kasuwa, ta kuma haɗiye harshen Shirawa da na Teshenawa, har ya zamana yau babu mai jin su.

Bayan zuwan Turawa a 1903, aka mayar da fadar sarki Azare. Hanyar mota ta biyo ta nan, gyaɗa da auduga suka sami mafita, tsohon birni kuwa ya koma gefe. Sai ƙudan tsando, wanda ya hana mutane da dabbobi sakat a bakin kogi. A Gadau aka yi tashar binciken cutar barci, abin da yawancinmu ba mu ma sani ba.

A ganinmu, jarin da ya fi gyaɗa daɗewa shi ne makaranta. Ita ta fitar da irin su Alhaji Sule Katagum, wanda ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya, da Alhaji Aminu Saleh, Sakataren Gwamnatin Tarayya a zamanin Abacha. Kwalejin horon malamai ta Azare, wadda aka buɗe a 1977, sunansa aka sa mata daga baya. A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa jami'ar kimiyyar lafiya a Azare. Gadau ɗin nan kuwa, ta ƙudan tsando, nan Jihar Bauchi ta ajiye jami'arta.