Tarihin da Ake Karantawa da Sifana

A daren 14 ga Nuwamba, 1940, jiragen yaƙin Jamus suka yi wa birnin Coventry na Ingila ruwan bama-bamai, suka rusa tsakiyarsa. Birnin shi ne cibiyar ƙera motoci ta Birtaniya, saboda haka kowace masana'anta ta riƙa sa ma'aikatanta kwanan gadi don kashe gobara. A kamfanin SS Cars, wanda ya koma Jaguar a 1945, mai kamfanin, William Lyons, yakan yi nasa gadin tare da injiniyoyinsa William Heynes da Walter Hassan da Claude Baily. A cikin waɗannan darare na zaman ɗar-ɗar suka tsara injin da za su ƙera idan yaƙi ya ƙare. Shi ne aka sa wa suna XK. A ganina, wanda ya kwance wannan inji ya sake haɗa shi ya karanta tarihin da ba kowane littafi ke ɗauke da shi ba, domin kowace shawara da mutanen nan suka yanke tana nan kwance cikin ƙarfe.

Abin da ya bambanta injin shi ne tagwayen kamshaf. Kamshaf sanda ce mai tozaye, wadda idan ta juya, kowane tozo yake danna bawul ya buɗe. Yawancin motocin wancan zamani sanda ɗaya gare su, tana can ƙasa, tana aika saƙo ta hanyar wasu ƙarafa. Su kuwa sai suka ɗora guda biyu a kan injin, ɗaya tana kula da shigar mai da iska, ɗaya tana kula da fitar hayaƙi. An san wannan dabara tun da daɗewa a motocin tsere da na attajirai, amma Lyons ya nufi ƙera ta da yawa, a farashin da ba na sarakuna ba. Ya kuma dage cewa injin ya zama abin sha'awa ga ido, shi ya sa murafun alminiyam ɗinsa biyu suke ƙyalli kamar tasar amarya.

An fito da shi a baje kolin motoci na Landan a 1948, cikin motar XK120: silinda shida, girman lita 3.4, ƙarfin doki 160. Asali babbar motar iyali aka tanadar masa, amma ba ta kammala ba, sai aka yi wannan motar gudu don nuna shi. A Mayun 1949 ta zarce mil 132 a sa'a a wani titi na Jabbeke a Beljiyam. Gwamnati a lokacin tana raba ƙarfe ne gwargwadon abin da kamfani ya sayar a ƙetare, don haka mafi yawan motocin suka tafi waje, musamman Amurka. Injin ya ci tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa sau biyar: 1951, 1953, 1955, 1956 da 1957. Shi ne kuma a cikin E-Type ta 1961. Har sojoji suka ɗauke shi suka sa wa ƙaramar tankar yaƙi ta Scorpion, wadda rundunar Najeriya na cikin masu sayenta. Sai a 1992 aka daina ƙera shi, bayan shekara 44.

Wannan shi ne tarihin da ke rubuce. Ɗaya ɓangaren na gan shi ne a wani ƙaramin gareji a tsakiyar Ingila, inda na shafe makonni ina kallon wani dattijon bakanike yana farfaɗo da irin wannan inji. Aikin yana farawa da raba kai da gangar jiki. Gangar ƙarfen zubi ce, kan kuwa alminiyam, kuma dogayen kusoshi ne suka ɗaure su. A injinan baya masu lita 4.2, kusoshin suna ratsa hanyar ruwa, sai tsatsa ta cinye su, kan ya liƙe. Mai gaggawa yakan fasa abin da ba shi da sauƙin samu. Mai haƙuri yakan jiƙa shi da mai, ya ɗaga shi kaɗan-kaɗan har kwanaki.

Daga nan sai karanshaf, wato ƙashin bayan injin, wanda yake juyawa a kan mazaunai bakwai. Wannan ƙarfi da aka ba shi tun farko yana cikin dalilan da suka sa injin ya jure ƙarin girma daga lita 3.4 zuwa 3.8, har 4.2. A cikinsa akwai ramuka masu toshiya inda dattin baƙin mai yake taruwa shekara da shekaru. Idan ba a buɗe su an wanke ba, dattin zai kwance ya bi mai, ya lalata sabon aiki cikin ɗan lokaci.

Inda na fi ganin hikimar hannu shi ne wajen daidaita bawul goma sha biyu. Tsakanin tozon kamshaf da kofin da ke kife a kan bawul akwai rata, wadda a injinan farko ba ta wuce kaurin gashi ɗaya ko biyu ba. Babu notin da za a murɗa a gyara ta. Sai a ɗaure kamshaf, a auna, a rubuta, a kwance, a sauya ɗan fallen ƙarfen da ke ƙarƙashin kofin da wani mai kaurin da ya dace, a sake ɗaurewa, a sake aunawa. Sannan a zo kan sarƙoƙi biyu da ke juya sandunan, a saita kowace sanda da ma'aunin da ke shiga wani tsagi a bakinta. Kuskuren haƙori kaɗan ya isa bawul ya ci karo da fistin ya lanƙwashe. Nan mutum yake gane cewa masu tsara injin sun zaɓi tsarin da ba ya kwancewa cikin gudu, suka bar wahalarsa ga bakanike, saboda sun amince za a samu hannun da ya iya.

Wannan amana ita ce take cikin haɗari. Kayan gyaran XK ba su yanke ba, har yau ana ƙera su. Abin da ke ƙaranci shi ne mutanen da yatsunsu suka san lokacin da ma'auni ya shiga rata daidai, domin motar yau kwamfuta ce ke faɗin ciwonta, kuma sauya ɓangare ya maye gurbin gyaransa. Takardu za su adana sunayen Heynes da abokansa da shekarun nasarorinsu, amma ba za su koya wa kowa jin nauyin sifana ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Zumar tana nan, muddin dattawan da suka san haɗinta sun samu yaran da za su tsaya kusa da su kafin su ajiye kayan aiki.