Giwar Bastille: Tagullar Da Ba Ta Taɓa Shiga Wuta Ba

Maƙalarmu ta wannan mako za ta kai mu birnin Paris na ƙasar Faransa, mu ga wata giwa da aka yi wa alƙawarin tagulla amma ta ƙare a gidan ɓeraye.

A shekarar 1808 ne sarki Napoleon ya ƙudiri aniyar kafa katafaren mutum-mutumin giwa a dandalin Bastille, wato filin tsohon kurkukun nan da mutanen Paris suka farmaki a 1789 aka kuma rushe shi. Tsarin ya burge. Ruwa zai riƙa fesowa daga hancinta, a cikin ƙafarta guda kuma a yi matakala da za ta kai mutum can samanta. A 1810 aka ba da umarni cewa da igwogin da aka ƙwato a yaƙi za a narka tagullar.

To amma zuba tagulla ba wasa ba ne. Sai an yi mazubi gunduwa-gunduwa, a narka ƙarfen, a zuba, a harhaɗa, ga kuɗin ma'aikata. Shi ya sa masu wannan sana'a kan fara da samfuri mai araha. Za su kafa ƙwarangwal na katako da ƙarfe, su lulluɓe shi da filasta, su sassaƙa, sannan su shafa fenti mai kalar tsohuwar tagulla, wadda takan koma kore-kore idan ta sha iska da ruwa. Daga nesa ido ba ya bambancewa. Haka aka yi wa giwar nan ƙarƙashin kulawar mai zanen gini Jean-Antoine Alavoine. A 1814 aka kammala samfurin da cikakken girmansa, ya fi bene mai hawa uku tsawo.

Shekara guda bayan nan, a 1815, Napoleon ya sha kaye a Waterloo. Mai giwa ya tafi, maganar tagulla ta bi shi. Gindin da aka gina mata a tsakiyar dandali ma wani ya gaje shi, domin a kansa aka kafa doguwar hasumiyar tunawa da juyin juya halin Yulin 1830, wadda aka buɗe a 1840. Ita kuwa giwar filasta aka bar ta a gefe tana shan rana da damina. Jikinta ya tsattsage, ɓeraye suka mayar da cikinta gida har maƙwabta suka riƙa kai ƙara. A 1846 aka rushe ta.

Da nan labarin ya tsaya, da mu da muke wannan nahiya ba mu taɓa jin sa ba. Sai ga marubuci Victor Hugo, wanda ya ga giwar da idonsa, ya saka ta a littafinsa Les Misérables da ya fito a 1862. Ya nuna ta a tsufe, koren fentinta ya koma baƙi, sannan ya mayar da cikinta makwancin Gavroche, yaron titi da ya kwaso wasu ƙananan yara biyu ya ba su mafaka a daren ruwan sama, bai san ƙannensa ba ne. Abin da sarki ya so ya zama alamar ƙarfi, alƙalami ya mayar da shi ɗakin marasa galihu, kuma a haka duniya ta riƙe shi.

Akwai abu biyu da ya kamata mu ɗauka. Na farko, mu ma muna da giwayen filasta, wato rubuce-rubucen da muka yi a gurguje muka saki, muka ce za mu dawo mu gyara, yabo ya zo muka manta. Fenti yana ruɗar ido na ɗan lokaci, amma damina ba ta jin kunya. Na biyu, Hugo bai tsallake abin da kowa ke kauda kai daga gare shi ba. A garuruwanmu akwai gine-ginen da aka fara aka watsar, ciyawa ta cinye su. Wa yake kwana a ciki? Mu je mu tambaya, wataƙila babin farko na littafinmu yana can.

Sai mun ji ra'ayoyinku a ƙasa.