Yisurin shel ahaba

yisurin shel ahaba (suna, jam'i; daga Ibrananci da Aramiyanci) Wahalhalun ƙauna. A koyarwar malaman Yahudawa, ciwo ko rashi da ke samun mutumin kirki ba don laifi ba, sai don Allah ya ƙara masa lada.

Maganar tana cikin littafin malaman Yahudawa, Talmud na Babila, babin Berakot, shafi na 5. Wanda masifa ta faɗa wa, ya fara bincika ayyukansa. In bai ga zunubi ba, ya duba ko ya yi sakaci da karatun Attaura. In nan ma babu, to wahalar ta ƙauna ce.

Sai dai ba kowa wannan koyarwa ta kwanta wa ba. A shafin dai, Rabbi Yohanan, wanda ya binne 'ya'ya goma, ya je duba wani almajirinsa marar lafiya, ya tambaye shi ko yana son wahalar. Majinyacin ya ce ba ya son ta, ba ya son ladanta. Malamin Yahudawa Musa ɗan Maimun, da ya rasu a Masar a 1204, ya ce koyarwar ba ta cikin Attaura, kuma ta yi kama da ra'ayin Mu'utazilawa, wani rukuni na malaman Musulmi.