Lauyan wasiyya: daga Ingila zuwa kotunan Najeriya

A watan Maris na 1616, William Shakespeare ya sa hannu a wasiyyarsa, wadda lauya Francis Collins ya tsara masa. Babbar 'yarsa Susanna ce ta kwashe kaso mai tsoka. Matarsa Anne kuwa, abin da aka ambata mata kawai gadon kwana ne, shi ma ba mafi kyawun gidan ba. Har yau masana na ta cacar baki: wulaƙanci ne, ko kuwa gadon aurensu ne?

A zamanin, wasiyya harkar coci ce a Ingila. Kotunan limaman Kirista ke tabbatar da ita, kuma sai a 1858 aka ƙwace aikin daga hannunsu aka miƙa wa kotun gwamnati. Kafin nan dokar wasiyya ta 1837 ta gindaya sharuɗɗa: a rubuta, mai dukiya ya sa hannu a gaban shaidu biyu lokaci guda. Duk mai shaidar da aka yi wa kyauta a ciki, kyautar ta sha ruwa. Irin waɗannan tarkuna ne suka ƙara buɗe wa lauyoyi kasuwa.

Turawan mulkin mallaka sun shigo da dokar ta 1837 cikin Najeriya, inda ta ci karo da fiƙihun Malikiyya, wanda bai yarda wasiyya ta wuce sulusi ba, kuma ba a yin ta ga magaji. A shari'ar Adesubokan da Yinusa ta 1971, Kotun Ƙoli ta ce Musulmin da ya rubuta wasiyya bisa dokar 1837 yana iya raba dukiyarsa yadda ya ga dama. Daga baya wasu jihohi suka yi nasu dokokin da suka cire Musulmi daga wannan 'yancin.