Gadar Landan da aka rufe kwana biyu bayan buɗe ta

Duk wanda ya je yawon buɗe ido Landan, da wuya ya dawo bai taka Gadar Millennium ba. A bakinta na arewa ga majami'ar St Paul, wadda Christopher Wren ya tsara bayan gobarar 1666 ta cinye tsohuwar. A na kudu kuma ga Tate Modern, gidan adana zane-zanen da aka kafa cikin wata tsohuwar tashar lantarki. Gadar ce ta haɗa su, mita 325 a kan kogin Thames, ta masu tafiya a ƙasa kaɗai. Yau tana tsaye cak, amma ba haka ta fara ba.

Ranar 10 ga Yuni, 2000 aka buɗe ta. Kimanin mutum 90,000 suka tsallaka a ranar, wani lokaci har 2,000 suna kanta gaba ɗaya. Sai ta fara lilo dama da hagu, kusan santimita 7. A takarda wannan ba komai ba ne, amma in ƙasa ce ke yi maka haka ƙarƙashin ƙafa, ai dole ka nemi abin riƙewa. Ranar 12 ga wata aka rufe ta. Gadar da ta ci fiye da fam miliyan 18 ke nan fa!

To, injiniyoyin ba su san tafiyar mutane na girgiza gada ba ne? Sun sani tun tuni. A 1831 gadar Broughton, kusa da Manchesta, ta rufta lokacin da sojoji ke maci a kanta, ƙafa na sauka tare. Daga nan aka umarci sojojin Birtaniya su riƙa karya sahun maci in za su hau gada, kuma har yau akwai allon da ke tuna musu haka a Gadar Albert, nan cikin Landan. Sai dai darasin da aka ɗauka na bugun sama da ƙasa ne. Shi aka yi wa lissafi, kuma ta wannan fuska gadar ba ta gaza ba.

Abin da ya sha musu kai yana gefe. In kana tafiya, kana jefa nauyinka dama, sannan hagu, kusan zagaye ɗaya a daƙiƙa. Ƙarfin ɗan kaɗan ne. Amma kowace gada tana da saurin lilon da ya dace da jikinta, kuma na wannan ya zo kusa da na tafiyar mutum. Da ta ɗan motsa, sai kowa ya ware ƙafa don kada ya faɗi, kamar wanda ya miƙe tsaye a kwale-kwale. Wannan gyaran tsayuwar shi ke ƙara tura gadar ta inda ta nufa, ita kuma ta ƙara sa su gyarawa. Da kamfanin Arup, wanda ya yi lissafin ginin, ya gwada da mutane a ƙarshen 2000, an ga lilon ba a hankali yake ƙaruwa ba: ƙasa da wani adadi shiru, da an haura shi sai ya tashi.

An daɗe ana bayanin cewa jama'a ne suka haɗa taku kamar sojoji. Wani bincike na 2021 ya nuna ba sai sun haɗa ba, ƙoƙarin kowa na tsare kansa ya isa ya tayar da lilon, haɗa takun daga baya yake zuwa. Ni wannan ya fi gamsar da ni, don waɗanda suka hau ranar ba rundunar kowa ba ce, 'yan kallo ne da iyalansu.

Gyaran bai taɓa siffar gadar ba. An sa mata na'urorin shanye girgiza, irin aikin shokazobar mota: 37 masu ruwa mai kauri a ciki don motsin gefe, da 52 masu nauyi a kan sifirin don na sama da ƙasa. Ya ci kimanin fam miliyan 5, aka sake buɗe ta a Fabrairun 2002. In ka je, ka sauka bakin kogi ta ɓangaren Tate ka ɗaga kai, za ka hango wasunsu a ƙarƙashinta. Mutanen garin dai har gobe gada mai rawa suke ce mata.