Tef: Ƙaramin hatsin da ke ciyar da Habasha

Tef hatsi ne na dangin ciyawa da masana ke kira Eragrostis tef, kuma ɗan'uwan ciyawar burburwa ne. Asalinsa tsaunukan Habasha da Eritiriya ne, inda ake nomansa tun fiye da shekara 3,000.

Karansa siriri ne, kuma ƙwayarsa ba ta wuce kimanin milimita ɗaya ba, har ta fi ta acca ƙanƙanta. Akwai fari da ja da ruwan ƙasa, amma farin ya fi tsada.

Jihohin Oromiya da Amhara ne kan gaba wajen nomansa. Saboda ƙanƙantar irin, manoma kan yi huɗa sau da dama har ƙasa ta yi laushi, sannan su watsa shi a watan Yuli ko Agusta. Yana jure fari da kwanciyar ruwa, kuma yana nuna cikin wata biyu zuwa biyar. Babbar matsalarsa ita ce faɗuwar kara kafin girbi, wadda ke rage amfanin gona.

Da garinsa ake yin injera, gurasa mai tsami da Habashawa ke ci kullum. Ba shi da sinadarin gulutin, shi ya sa kasuwarsa ta buɗe a Turai da Amurka. A 2006 gwamnatin Habasha ta hana fitar da tsabarsa waje domin kada ya fi ƙarfin talakawanta.