Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Wata Giya da Ta Lalace a Shikago

Mai karatu, mai yiwuwa ba ka taɓa kusantar giya ba, kuma ba kiran ka zuwa gare ta ake yi a nan ba. Tun 1988 hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, ko da kuwa an sarrafa ta cikin tsafta. Sai dai duk wanda ya bibiyi tarihin tsaftar abinci zai iske wani babban kaso nasa a masana'antun giya aka rubuta shi. A 1876 Louis Pasteur ya wallafa bincikensa kan ƙwayoyin halittar da ke lalata giya. A 1883 Emil Christian Hansen ya ware yisti tsantsa guda ɗaya a ɗakin gwaje-gwajen Carlsberg da ke Denmak, kuma a wannan ɗakin ne aka ƙirƙiro ma'aunin tsami na pH a 1909. Madarar kwali da yogot ɗin da kake saya wa 'ya'yanka suna cin gajiyar wannan aiki. Shi ya sa labarin giyar da ta lalace bayan wani babban kamfani ya saye masana'antarta ya cancanci ka saurare shi.

A 1988 wani mutum mai suna John Hall ya buɗe ƙaramin gidan yin giya a birnin Shikago na Amurka, ya sa masa suna Goose Island. A lokacin manyan kamfanoni ƙalilan ne suka mamaye kasuwar ƙasar da giya mai ɗanɗano kusan iri ɗaya, sai ƙananan masana'antu suka fara tasowa da abin da ake kira giyar aikin hannu. A cikin shekarun 1990 ɗansa Greg Hall ya zuba wata baƙar giya mai kauri a cikin gangunan katako da aka taɓa ajiye wuski a ciki, ya bar ta ta yi watanni. Wannan ita ce Bourbon County Stout, wadda ta zama abin alfaharin gidan, har mutane kan yi layi cikin sanyin ƙarshen Nuwamba domin su samu kwalba ɗaya ko biyu.

A watan Maris na 2011 kamfanin Anheuser-Busch InBev, wanda ya fi kowane kamfanin giya girma a duniya, ya saye Goose Island a kan dala miliyan 38.8. Greg Hall ya bar muƙaminsa na shugaban masu haɗawa a wannan shekarar. Aka mayar da sarrafa wasu nau'o'in da suka fi kasuwa zuwa manyan masana'antun sabon mai gida a wasu jihohi, aka kuma tanadi wani ƙaton sito a Shikago mai ɗaukar dubban ganguna. Giyar da a da mutanen gari ɗaya ke nema, sai ga ta ana rarraba ta a faɗin ƙasa.

A ƙarshen Nuwamba 2015 aka fitar da kayan wannan shekara. Ba a jima ba masu saye suka fara kuka da wani tsami da bai kamata a ji ba. A watan Janairu 2016 kamfanin ya amsa cewa nau'i biyu sun ɓaci, ya yi tayin mayar da kuɗi. A watan Yuli ya faɗaɗa tayin zuwa wasu rukunai na ƙarin nau'i biyu, ciki har da asalin Bourbon County ɗin. Gwaji ya nuna mai laifin wata bakteriya ce da ake kira Lactobacillus acetotolerans, 'yar dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo. Bambancinta shi ne tana jure barasa da tsami sosai, tana girma a hankali, kuma tana da wuyar fitowa a gwajin da aka saba yi. Don haka giyar na iya fita daga masana'anta da ɗanɗanonta daidai, sai bayan makonni ko watanni ta juya a cikin kwalba.

To, sayen da aka yi ne ya jawo wannan ɓarna? Masu ƙaunar giyar aikin hannu da yawa haka suka yanke hukunci nan take, amma ka dubi yadda aikin yake. Tankin ƙarfe ana wanke shi da sinadari da ruwan zafi har ya tsarkaka. Katako kuwa yana da ƙananan ƙofofi inda ƙwayoyin halitta ke fakewa, kuma babu wankin da zai kai gare su duka. Kafin a zuba a kwalba ana haɗa abin da ke cikin ganguna masu yawa wuri guda, ka kuwa san wake ɗaya ke ɓata gari. Mai ganga hamsin yana iya ɗanɗana kowace, ya san halinta. Mai ganga dubu biyar dole ya sauya tsarin bincikensa gaba ɗaya, in ba haka ba yawan ya fi ƙarfin ido da harshe. Haɗarin yana nan tun kafin a sayar da gidan, sai kuɗin sabon mai gida ya ninka yawan gangunan, tare da su kuma ya ninka damar kuskure. Daga kayan 2016 kamfanin ya fara bi da giyar ta hanyar ɗumamawar Pasteur ta gaggawa, wato a kai ta zafin kusan digiri 72 na 'yan daƙiƙoƙi sannan a sanyaya, ya kuma tsaurara zaɓen ganguna. Wannan dabara ta girmi kamfanin da fiye da shekara ɗari. Sai da aka yi asara kafin a koma gare ta.

Irin wannan ya taɓa faruwa a Amurka ba tare da an sayar da kowa ba. Kamfanin Schlitz na birnin Milwoki shi ne na biyu a ƙasar a farkon shekarun 1970. Shugabanninsa suka rage kwanakin da giya ke ɗauka tana nuna, suka sauya wasu kayan haɗi da masu araha. A 1976 wani sabon sinadarin da aka saka domin hana giyar yin hazo ya ci karo da wanda ke riƙe kumfa, sai wani farin gudaji ya riƙa bayyana a cikin kwalba. Aka janye kimanin kwalabe miliyan 10, mutane suka juya wa sunan baya, a 1982 kamfanin Stroh ya saye shi. Sauri ya haifi nawa.

Yanzu ga abin da ya fi shafar lafiyarka. A Shikago da Milwoki babu wanda ya mutu. Giya wuri ne mai wuyar zama ga ƙwayoyin cuta, domin an tafasa ruwanta, tana da barasa da tsami da ɗacin furen hops, ga ƙarancin iskar oksijin. Ƙwayoyin da suka jure duk wannan galibi ɗanɗano kawai suke ɓatawa. Giyar da ta yi kisa a tarihi kuwa, masu shan ta ba su ji komai a baki ba.

A 1900 likitocin Manchesta da kewaye a Ingila suka ga marasa lafiya na ta ƙaruwa da shanyewar ƙafafu da hannuwa da sauyin launin fata. Da farko an ɗora laifin a kan yawan sha, har sai da Dakta Ernest Reynolds ya gwada giyar ya samu gubar asenik. Aka bi sawu aka iske masana'antu da dama sukari suke saye daga kamfani ɗaya, shi kuma yana sarrafa sukarin da wani ruwan asid da ba a tace ba. Fiye da mutum 6,000 suka kamu, aƙalla 70 suka rasu. A tsakiyar shekarun 1960 a birnin Kwibek na Kanada, wasu masu yawan shan giyar kamfanin Dow suka riƙa zuwa asibiti da zuciya mai rauni, kimanin 20 suka mutu. Bincike ya nuna sinadarin kobalt da ake sakawa domin kumfa ta daɗe a kofi ne sanadi. An kashe mutane saboda kwalliya.

Kada kuma ka ɗauka ƙanƙantar masana'anta kariya ce. A ƙarshen 2019 da farkon 2020, a birnin Belo Horizonte na Brazil, mutane suka fara kwanciya da ciwon ƙoda da matsalar jijiyoyi bayan sun sha giyar wani gidan aikin hannu mai suna Backer. 'Yan sanda sun gano cewa ruwan sanyaya tanki mai ɗauke da dayetilin gilaikol ya tsiyaya cikin giyar ta wata ɓula. Mutum 10 suka rasu. Wannan guba ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ce aka samu a maganin haƙoran yara na My Pikin, wanda ya yi ajalin yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009, ita ce kuma aka gano a magungunan tari da aka alaƙanta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Tana da ɗan zaƙi, ba ta da warin da zai faɗakar da kowa.

Me za ka ɗauka daga wannan tarihi? Na farko, suna a jikin kwalba shaida ce ta jiya. Idan kamfani ya sauya hannu, ko ya faɗaɗa cikin gaggawa, ko ya sauya inda yake sayen kayan haɗi, to abin da ke ciki na iya sauyawa alhali tambarin yana nan yadda ka san shi. Abin da ke kare mai saye shi ne a samu wani a cikin masana'anta da ke da ikon tsayar da kaya idan gwaji bai yi kyau ba, ko da ranar kai su kasuwa ta zo.

Na biyu, kada ka mayar da harshenka ɗakin gwaji. Sassaucin da giya ke da shi bai shafi nono, yogot, kunu ko zoɓo ba, domin ba su haɗa dukkan waɗancan katangu ba. Idan gwangwani ya kumbura, ko murfi ya saki, ko abin sha ya sauya wari ko launi, zubar da shi ya fi araha a kan gadon asibiti. Haka ma garin hatsin da ruwa ya taɓa ya kwana: a watan Janairu 2015 mutum 75 sun mutu a garin Chitima na Mozambik bayan sun sha wani abin shan gargajiya da aka yi da garin masara da ya gurɓata da gubar wata bakteriya, gubar da tafasawa ba ta kashe ta.

Na uku, ka san amfanin lambar rukuni da ranar sarrafawa da ke jikin kaya. Da su aka ware kwalaben Goose Island da suka ɓaci daga masu kyau, da su kuma hukuma irin NAFDAC ke janye kaya daga kasuwa. Idan mutum biyu ko fiye suka kamu da rashin lafiya bayan sun ci ko sun sha abu ɗaya, a adana ragowar da mazubinta, a tafi da su asibiti. Idan akwai amai da ciwon ciki sannan fitsari ya ragu ko ya ɗauke, musamman ga yaro, kada a jira gari ya waye.

A Shikago masu saye ne suka fara ɗaga murya kafin kamfani ya amsa laifinsa, a Manchesta kuma likita ɗaya ne ya ƙi yarda da bayanin da kowa ya gamsu da shi. Idan ka ga abin da bai yi maka ba a cikin kayan da ka saya, ka rubuta lambarsa ka sanar da mai shago da hukuma, domin kwalbar da ke hannunka tana da 'yan'uwa a gidajen wasu.